Yadda Ake Gudanar da Lokacin Adbent da Ƙananan Yara a Gida da Coci

Yaro ɗan shekara huɗu bai san ma'anar "saura mako uku" ba. Idan aka ce masa Kirsimeti na tafe, gobe da sassafe zai tashi yana tambaya ko ta iso, jibi ma haka, har mai amsawa ya gaji. Na shafe shekaru ina koyar da ajin ƙanana a Makarantar Lahadi, na kuma raini nawa 'ya'yan a gida, kuma abin da na fahimta shi ne, babban aikin iyaye a wannan lokaci shi ne su mai da jira abin da yaro zai gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya kuma ƙirga da yatsunsa.

Kalmar Adbent daga harshen Latin ta fito, ma'anarta "zuwa", wato lokacin da Kiristoci ke shirin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, suna kuma sauraron dawowarsa. Yana farawa ne a Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda ke faɗuwa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, ya ƙare ranar 24 ga Disamba. A cocin Katolika da Anglika da na mabiya Luther da wasu da dama, daga ranar ce sabuwar shekarar ikkilisiya ke somawa. Idan cocinku ba ta kiyaye wannan lokaci, babu abin da zai hana iyali su yi nasu a gida.

Kayan da za a tanada

Ana bukatar kyandir guda biyar: uku shunayya, ɗaya ruwan hoda, ɗaya fari. Idan ba a sami masu launi ba, a sayi farare duka, a ɗaura wa gindin kowanne zare ko ƙyalle mai launin da ake so, nesa da inda wuta za ta kai. Sai faranti mai faɗi na ƙarfe ko na tangaran, da yashi mai tsabta wanda zai cika shi, da ɗanyen ganye wanda ba ya saurin yaushi. Ana kuma bukatar takardu masu launi, almakashi marar tsini, gam, fensirin launi, zare, busasshen reshen itace mai rassa da yawa, gwangwani ko tulu da za a kafa shi a ciki, da ƙaramin kwali. Littafi Mai Tsarki dole ne, idan kuma akwai na yara mai hotuna, to ya fi. A ƙarshe a ajiye ashana a inda hannun yaro ba zai kai ba, da kofin ruwa kusa da wurin zama.

Game da kyandir akwai lissafin da masu farawa ke mantawa da shi. Kyandir na farko shi ne ke cin wuta tun daga ranar farko har ta ƙarshe, saboda haka idan ana kunna shi minti goma kowace rana a shekarar da Adbent ya kai kwana 28, zai yi awa huɗu da minti arba'in yana ci. Siririn kyandir ba lallai ya kai ba. Ku sayi masu kauri, ko ku ƙara guda biyu na ajiya.

Mataki na 1: A ƙirga kwanaki, a tsai da lokaci ɗaya

Tsawon Adbent yana canjawa daga shekara zuwa shekara, tsakanin kwana 22 da kwana 28. A 2022, da Kirsimeti ta faɗo ranar Lahadi, an fara tun 27 ga Nuwamba, aka yi kwana 28 cif. A 2023 kuwa, da ta faɗo ranar Litinin, sai 3 ga Disamba aka fara, Lahadi ta huɗu ta zama ita ce jajibirin Kirsimeti, kwanakin suka tsaya a 22. Don haka ku ɗauki kalanda ku ƙirga da kanku, kada ku dogara da cewa kwana 24 ne, domin wannan adadin na masu farawa ne daga 1 ga Disamba.

Bayan haka sai ku zaɓi lokacin da za a riƙa zama kullum. Na gwada safiya, na gwada gab da barci, amma wanda ya ɗore mini shi ne da zarar an gama cin abincin dare, kafin kowa ya watse. Da safe ana gaggawa, gab da barci kuwa ƙaramin ya riga ya fara rigima. Ko wane lokaci kuka zaɓa, ku riƙe shi, domin yara kan kama abin da ake maimaitawa fiye da abin da ake bayyana musu.

Mataki na 2: A haɗa zoben kyandir

Wannan al'ada ta samo asali ne daga birnin Hambag na ƙasar Jamus, inda a 1839 wani malamin addini mai suna Johann Hinrich Wichern, wanda ke kula da yara marasa galihu, ya jera kyandirori a kan wata tsohuwar ƙafar keken doki, ƙanana domin ranakun mako, manya huɗu domin ranakun Lahadi, saboda yaran su riƙa ganin kwanakin da suka rage. Tun asalinsa ke nan abin yara ne, daga baya aka rage shi zuwa kyandir huɗu da aka sani yanzu.

Ku zuba yashi a faranti har ya kai zurfin gaɓar yatsa biyu, ku kafa kyandir huɗu a kewaye da tazara daidai, farin kuma a tsakiya. Ku girgiza farantin a hankali; duk wanda ya karkata, a ƙara binne gindinsa. Sa'an nan a jera ganye a bakin farantin ya zagaye shi kamar zobe, amma ya kwanta ƙasa, kada ya miƙe ya kai rabin tsawon kyandir. Wannan aikin na jera ganye shi ne rabon yara, ku bar su su yi ko da bai fito da kyau ba.

Babban haɗarin yana zuwa ne a mako na uku, lokacin da ganyen ya bushe, kyandir na farko kuma ya gajarce har harshen wutarsa ya kusanto shi. Ku riƙa canja ganyen kowace Asabar, kuma kada a taɓa barin kyandir yana ci babu babba a wurin, ko da na ɗan shiga ɗaki a fito ne. Idan a gidan akwai mai rarrafe, ko yaron da ba ya zama wuri ɗaya, ku bar wuta gaba ɗaya: a naɗe takarda mai kauri ta zama kamar kyandir, a yanka harshen wuta da takarda ruwan ɗorawa, kowace Lahadi yaro ya manna ɗaya. Ƙananan fitilu masu batir su ma suna biyan bukata.

A Lahadi ta farko ana kunna shunayya ɗaya, a ta biyu biyu, a ta uku a ƙara da ruwan hoda, a ta huɗu duka huɗun, farin kuwa sai daren Kirsimeti. Ruwan hodan alamar farin ciki ce, bisa ga kiran da ke cikin Filibiyawa 4:4 na a yi farin ciki cikin Ubangiji kullum. Coci-coci da yawa kan ba kyandirorin sunaye, kamar bege, salama, farin ciki da ƙauna, amma jerin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, wasu ma shuɗi suke amfani da shi maimakon shunayya. Ku tambayi wanda ake bi a cocinku ku bi shi, don kada yaro ya ji abu ɗaya a gida, ya ji wani dabam ranar Lahadi.

Mataki na 3: A yi sarƙar ƙirga kwanaki

A yanka takarda siri-siri, adadin kwanakin da kuka ƙirga, a naɗe kowace ta zama zobe, a sarƙa su cikin juna da gam. Ranakun Lahadi a yi su da launi dabam. Kafin a naɗe, a rubuta a cikin kowace ayar da za a karanta ranar, da ɗan aiki guda, kamar gai da wani dattijo ko taya ƙane tattara kayan wasa. A rataye sarƙar inda yaro zai gan ta, kowace yamma a cire zobe ɗaya. Idan ya sake tambayar yaushe ne Kirsimeti, sai a ce ya je ya ƙirga.

Ana sayar da kalandar Adbent mai ƙananan ƙofofi da alewa a ciki. Ban hana ba, amma a gidan da ke da yara uku da kalanda ɗaya, na ga yadda alewar ke cinye zaman baki ɗaya, hankalin kowa ya koma kan wanda zai buɗe ƙofa.

Mataki na 4: A tsara zaman yamma

Nan ne zuciyar aikin take, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Iyaye masu himma kan so su karanta sura guda, su yi bayani, su yi waƙa uku, su rufe da doguwar addu'a. Kwana uku ake yi a haka, a na huɗu yara sun fara ɓuya, a na biyar iyayen da kansu sun gaji. Zaman da zai kai kwana 28 shi ne wanda bai wuce minti goma ba, idan kuma yaran duk ba su kai shekara huɗu ba, minti biyar ya isa.

Ga yadda nake yi. Da farko a kashe fitilun ɗaki, a zauna cikin duhu na ɗan lokaci kaɗan, kamar numfashi biyar. Wannan ɗan duhun yana kwantar da yara fiye da duk wata tsawa, kuma yana ba da ma'ana ga abin da Ishaya 9:2 ya faɗa game da mutanen da ke tafiya cikin duhu da suka ga babban haske. Sai babba ya kunna kyandir, kowa ya faɗi jimla ɗaya da aka saba, wadda ba ta canjawa. A gidanmu mukan ce, "Zo, ya Ubangiji Yesu," wadda ke kusa da ƙarshen littafin Wahayi, gajeriya ce har mai shekara biyu yana iya kama ta. Daga nan a cire zoben ranar, a karanta aya biyu ko uku, sa'an nan a sake ba da labarin da bakin da yaro zai gane. A yi tambaya ɗaya tak. Tambaya irin "Me ka koya?" ba ta samun amsa daga ƙaramin yaro, wadda ke buɗe bakinsa ita ce irin "Da kai ne makiyayin nan, da dare, ka ga mala'ika, me za ka yi?" A rera baiti ɗaya na waƙa, kuma waƙar nan ita za a riƙa maimaitawa har mako ya ƙare don su haddace. A rufe da addu'a inda kowa zai ambaci sunan mutum ɗaya da yake so a roƙa masa.

Kashe kyandir shi ne abin da yara suka fi so, shi ne kuma ke haddasa faɗa. Ku rubuta jerin sunaye tun ranar farko, ku manna a bango, kowa ya san ranarsa. Wata shekara ɗiyata, tana da shekara uku a lokacin, ta cika kumatu ta hura da iya ƙarfinta, narkakken kyandir ya fantsama a hannun yayanta, zaman ya ƙare da kuka biyu. Tun daga ranar na koya musu su sa tafin hannu a bayan wutar da ɗan nisa, su hura a hankali, babba yana riƙe da kafaɗarsu. Mai dogon gashi ko ɗankwali a ɗaure shi baya kafin ta sunkuya. Murfin ƙarfe da ake kifa wa wuta ya fi hurawa aminci, ko cokali babba ma yana yi.

Idan rana ta kuɓuce saboda tafiya ko rashin lafiya, kada a yi ramuwar karatu biyu washegari. A cire zobe biyu, a ci gaba daga inda ake.

Mataki na 5: A kafa itacen Yesse

Sunan ya fito daga Ishaya 11:1, inda aka yi annabcin toho da zai fito daga kututturen Yesse, mahaifin sarki Dawuda. A kafa busasshen reshen nan cikin gwangwani mai yashi ko tsakuwa, kowace rana yara su zana alamar labarin da aka karanta, a huda, a rataye da zare. Reshen da ya fara tsirara zai cika a hankali, yaro kuma ya ga cewa labarin Kirsimeti ya faro tun da nisa.

Ga ƙananan yara ba sai an bi dukan jerin labaran da aka saba ratayewa a itacen Yesse ba. A mako na farko a ɗauki halitta da alamar rana da wata, Nuhu da bakan gizo, Ibrahim da taurari, Yakubu da tsani, Yusufu da rigarsa. A na biyu a ɗauki Musa da allunan dokoki, Rut da zangarniyar hatsi, Dawuda da kambin sarauta, Ishaya da fitila, da Mika 5:2 inda aka ambaci Baitalami. Mako na uku na Zakariya da Alisabatu da Yahaya mai Baftisma ne, daga Luka sura ta 1 da farkon Markus. Na huɗu kuwa na Maryamu da mala'ika Jibra'ilu ne a Luka 1:26-38, da mafarkin Yusufu a Matiyu 1:18-25. Ranakun da suka rage babu sabon labari, a maimaita wanda suka fi so. Ku faɗa musu a fili cewa Yusufu biyu ne, mai riga dabam, mijin Maryamu dabam, in ba haka ba za su haɗe su wuri ɗaya.

Kada babba ya karɓi fensiri ya gyara zanen. Bakan gizo mai launi biyu da yaro ya yi da kansa ya fi zama a ransa. Idan sarƙa da itace sun yi muku yawa a shekarar farko, ku ɗauki ɗaya ku bar ɗayan sai baɗi.

Mataki na 6: A shirya komin dabbobi, a bar shi babu jariri

Al'adar nuna wurin haihuwar ana danganta ta da Faransis na Asisi, wanda ya shirya irinsa da dabbobi masu rai a ƙauyen Greccio na ƙasar Italiya a 1223. A gida ƙaramin kwali da aka kwantar a gefensa ya isa ya zama ɗakin dabbobi. Mutanen kuma a yi su da yumɓu, ko takarda, ko tsummoki da aka ɗaure da zare. Idan akwai yaron da bai kai shekara uku ba, kada a yi su ƙanana har su iya shiga bakinsa.

Kada a jera kowa a wurinsa tun ranar farko. A sa dabbobi da komi kawai. Maryamu da Yusufu a ajiye su a can ƙarshen ɗaki, wanda zai zama Nazarat, kowace yamma yaro ya matso da su taki ɗaya. Makiyaya su zauna a gefe da tumakinsu. Masana taurari, waɗanda suka zo daga gabas da kyautai domin jaririn, a kai su wani ɗaki dabam, domin tafiyarsu ta fi nisa. Jaririn kuwa a ɓoye shi, kuma ina nufin ɓoyewa ta gaske: ɗana ya taɓa gano inda na sa shi, ya yi kwana biyu yana yawo da shi a aljihu, da na tambaye shi sai ya ce, "Mama, ai sanyi yake ji a cikin akwati." Ku kuma rubuta wa kanku inda kuka ɓoye shi, domin neman jariri a daren 24 ga wata ba abin daɗi ba ne.

Akwai wani ƙari da ke aiki sosai ga 'yan shekara uku zuwa bakwai. A ajiye yankakkiyar busasshiyar ciyawa ko zare a kofi, duk wanda ya yi wa wani alheri ya sa sili ɗaya a komi don shimfiɗar jaririn ta yi laushi. Gargaɗi ɗaya kawai: kada a taɓa cire sili a matsayin horo, domin daga ranar abin ya tashi daga kyauta ya koma awon laifi.

Mataki na 7: A ware rana ta bayarwa

Ranar 6 ga Disamba coci-coci da yawa na tunawa da Nikolas, bishop na birnin Mira da ke ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 4, aka kuma san shi da taimakon matalauta a ɓoye. Ko cocinku ba ta kiyaye ranakun tsarkaka, ranar ta dace da a sa kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya mai kyau daga kayansa, wanda bai lalace ba, a kai wa wanda ke bukata. Ku bar shi ya zaɓa da kansa, ku kuma tafi da shi wurin kaiwa, amma a yi shi cikin sirri yadda mai karɓa ba zai ji kunya ba.

Mataki na 8: A shirya yara domin sujadar Lahadi

Tun daren Asabar a gaya wa yaro kyandir nawa za a kunna gobe, a ba shi aikin dubawa ya ga ko haka ne. Ku zauna gaba-gaba. Iyaye kan gudu baya don tsoron hayaniya, alhali yaron da ba ya ganin komai sai bayan manya shi ne ya fi damun jama'a. Ku riƙe masa takarda da fensiri ya zana abin da ya gani, ku kuma raɗa masa a kunne idan an zo wurin da ya sani.

Idan ku ne ke shirya sujadar, ku ba iyali ɗaya kunna kyandir kowace Lahadi, ku sanar da su tun mako guda kafin ranar. Babba ya riƙe dogon kyandir na kunnawa tare da yaron, hannu a kan hannu, wani yaron da ya iya karatu ya karanta aya ɗaya. A gwada sau ɗaya kafin jama'a su taru, a duba ko teburin bai yi wa yaro tsawo ba, a kuma kashe fankar da ke kusa. Sabon lagwani yakan ƙi kamawa, don haka a kunna shi a kashe tun da wuri. Ku tuna da yaran da ke zuwa coci tare da kaka, ko maƙwabta, ko su kaɗai. Idan kullum iyali mai uwa da uba ake kira, waɗannan ba za su taɓa samun rabo ba. A ware Lahadi ɗaya ta zama ta ajin Makarantar Lahadi gaba ɗaya.

Mataki na 9: A shirya wasan kwaikwayon haihuwa

Ga 'yan ƙasa da shekara bakwai, kada a ba kowa dogon zance ya haddace. A sami babba ko matashi ɗaya ya riƙa karanta labarin daga Luka 2:1-20 da Matiyu 2:1-12, yara kuma su riƙa aikata abin da ake faɗa. Minti goma sha biyar ya wadatar, gwaji uku kuma sun isa, na ƙarshen a yi shi a ainihin wurin da za a yi wasan, da kayan da za a sa.

Rabon matsayi shi ne ke jawo ɓacin rai, kuma sau da yawa iyaye ne ke jin zafin fiye da yaran. Maryamu ɗaya ce, Yusufu ɗaya ne, saboda haka ni ƙuri'a nake jefawa a gaban kowa, in kuma rubuta sunan wanda ya samu don kada ya sake samu baɗi. Sauran matsayin ba su da iyaka: makiyaya, tumaki, mala'iku da taurari za su ɗauki ko yara nawa ne. Masana taurarin ma Matiyu bai faɗi adadinsu ba, kyautai uku kawai ya ambata, zinariya da lubban da mur, don haka idan yara biyar ke so, a bar su su biyar. Ku tanadi kayan tumaki biyu ko uku na ajiya domin baƙin yaran da za su zo ranar.

Tufafi ba sai an ɗinka ba, zanen gado da tawul da igiya sun isa, sai dai a tabbata rigar ba ta jan ƙasa. Sandunan makiyaya a ba su a bakin ƙofa lokacin shiga, a karɓe da zarar sun fito, domin na taɓa ganin makiyaya biyu sun kaure da faɗan sanda daidai lokacin da mala'ika ke shelar salama a duniya. Kada a ba yaro kyandir mai wuta a hannu yana sanye da mayafi. Jariri kuma a yi amfani da 'yar tsana. Idan ana son na gaske, mahaifiyarsa ta zauna a kusa, 'yar tsanar kuma tana ajiye. A sa babba ɗaya a kowane gefe, wanda aikinsa kawai shi ne ya karɓi yaron da ya tsorata ya fashe da kuka, ba tare da an tilasta masa komawa ba.

Mataki na 10: Daren Kirsimeti da kwanakin da ke biye

A yammacin 24 ga Disamba a cire zoben ƙarshe, Maryamu da Yusufu su iso ɗakin dabbobi, a kunna kyandir huɗu sa'an nan farin na tsakiya. A karanta Luka 2:1-7, ƙaramin cikin yaran ya kwantar da jaririn a kan ciyawar da suka tara, sai a ci gaba da karatun har aya ta 20 yayin da wani ke matso da makiyaya. Idan za a je sujadar dare, a yi wannan kafin a fita, a kuma sa yara su yi barcin rana, in ba haka ba za a dawo da su a kafaɗa ba su ga komai ba.

Kada a kwashe kayan ranar 26. A kalandar ikkilisiya Kirsimeti kwana goma sha biyu ce, ranar 6 ga Janairu kuma ita ce ta tunawa da zuwan masana taurari. A ci gaba da kunna farin kyandir kaɗai kowace yamma, masanan kuma su riƙa matsowa daga ɗakin da aka ajiye su har su iso ranar. Bayan nan sai a tattara komai tare da yaran: a zubar da ganye, a rubuta sunan yaro da shekara a bayan kowane zanen itacen Yesse, a naɗe mutanen komi cikin tsumma, a sa duka a kwali ɗaya. A cikin murfin kwalin ku rubuta abin da ya yi aiki bana, da abin da ya ƙare yana bukatar saye, da ranar da Adbent na gaba zai fara, wanda a 2026 ita ce 29 ga Nuwamba.